Tattaki Zuwa Farkon Duniya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kwashi 'yan mata arba'in na nufi farkon duniya da su a ƙafa ba.

Lokacin ina koyon koyarwa a wata makarantar 'yan mata kusa da Kwanyawa. Ranar nan malaminmu na kwaleji ya zo duba ni, kuma makinsa ne zai raba gardama: ko in gama bana, ko in maimaita shekara. Dattijo ne mai tumbi, ga sabon takalmi sau-ciki, kuma ba a taɓa ganin haƙorinsa ba.

Darasin kan yadda masana duwatsu da taurari ke taƙaita shekaru ne: a rubuta "ka" a madadin shekara dubu, "Ma" shekara miliyan, "Ga" shekara biliyan. Na rubuta a allo cewa duniya ta kai wajen 4.6 Ga. Da na tsaya nan da na tsira, amma ina! Neman suna ya hana ni. Na ce kowa ta fito fili, taku ɗaya Ma ɗaya, mu taka mu koma farkon duniya. A lissafina taku ɗari huɗu da sittin ne, iyakarmu katangar makaranta (sifili guda na zubar, ni mai koyar da sifilai).

Muna isa katanga shugabar aji ta ce, "Malama, ai saura dubu huɗu da wani abu."

Maimakon in ce na yi kuskure, sai na murtuke fuska na ce, "Da ma na sani. Mu je!"

Muka fice muka bi hanyar gonaki, ga rana, ga shi ana tsakar cirar gyaɗa. A wajenmu kuwa wa ya isa ya wuce mai aiki bai gaishe shi ba? Kowace gona sai yaran sun durƙusa: sannu da aiki, ina gajiya, ya iyali. Kafin a gama amsawa lissafi ya ɓace, wannan ta ce dubu, waccan ta rantse ɗari tara ne. Malam na biye da mu yana ɗingishi, yana fifita da takardar makina.

Can wani tsoho ya ɗago daga kunya ya ce, "Malama, lafiya? Ina zuwa haka?"

Yara suka haɗa baki, "Farkon duniya, Baba!"

Ya ƙare mini kallo. "To, Allah Ya kai ku lafiya. Ni dai shekara saba'in ina bin hanyar nan, garin Kurugu kawai take kai ni." Ya ɗebo gyaɗa ya miƙo mini.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na waiwaya don in ga fuskar wanda zai kayar da ni, sai na hango Malam zaune a kan tarin harawa, ya tuɓe takalmi, yana dariya har da hawaye.

"'Yar nan, kin ci," in ji shi. "Na daɗe ina faɗin biliyan da baki, yau ƙafata ta san ta. Amma don Allah a nemo mini mai babur."

Murna ta sa na raba wa yaran gyaɗar da tsohon ya ba ni tun kafin in ɗanɗana. Tun daga ranar, duk darasin da zan yi da ƙafafun mutane, sai na fara taka shi ni kaɗai.