Yadda Ake Shiga Gasar Katanga Ba Tare da An Yi Tsalle Ba

Wanda ya fara wannan aiki, ya kuma kai shi matsayin da za a koyar, shi ne Don Anselmo Irigaray, a babban taron dawaki na Zauren Santa Rufina da ke Montevideo, cikin shekarar 1968. Akwai masu cewa wani Bafaranshe ya riga shi. Wannan magana ba ta da tushe: Bafaranshen faɗowa ya yi, faɗuwa kuwa ba dabara ba ce. Duk wanda ya bi matakan nan bi da bi, na lamunce masa zai shiga gasa mafi hatsari a zauren, ya fito ƙashinsa bai goce ba, mutuncinsa bai ragu ba.

Wajibi ne ka san abin da ya kai Don Anselmo ga haka. Asalin zauren rumbun ajiyar ulu ne a bakin tashar jiragen ruwa. Da ruwan sama ya ishi magabata a filin waje, sai manyan gidaje suka haɗu suka gyara rufin, aka zuba rairayi, kowane gida ya sami rumfarsa ta kallo. Sharaɗi ɗaya suka gindaya: kowace shekara sai namiji daga gidan ya shiga fili ranar gasa, in ba haka ba rumfa ta koma hannun wani. Gidan Irigaray ke da rumfa ta uku. A cikinta mahaifiyarsa, Doña Herminia, take zama tun tana amarya, ta juya wa fili baya, domin a ganinta an yi rumfa ne don a ga mutum, ba don mutum ya ga doki ba. Da mijinta ya rasu, namijin da ya rage a gidan Don Anselmo ne, shi kuwa ko jaki ya hango a titi sai ya sauya hanya.

Mataki na ɗaya: Zaɓi gasa mafi ban tsoro

Kada fargaba ta kai ka ga gasa mai sauƙi. Rawar doki tana kama da hutu, amma za ka daɗe a kan sirdi alƙalai na duban dugaduganka. Tseren keken doki yana buƙatar dawaki huɗu, wato tsoro huɗu. Tsallaken shinge da agogo kuwa na masu gaggawa ne, Brazil da Jamus suna aiko mana da isassu kowace shekara.

Ka zaɓi Katanga. Abu ɗaya ne a tsakiyar fili, tubalan katako da aka shafa wa fentin jan bulo, ana ƙara mata tsayi bayan kowane zagaye har a rasa mai tsallakewa. Wanda ya janye daga ƙaramin shinge, sunansa matsoraci. Wanda ya janye daga Katanga, sunansa mai tausayin dabba.

Mataki na biyu: Nemi doki inda mahaya ba sa nema

Don Anselmo bai je barga ba. Wurin masu hidimar jana'iza ya je, ya sayi wata baƙar goɗiya mai suna La Viuda, wato Bazawara, wadda ta yi ƙuruciyarta tana jan keken ɗaukar gawa. Ba ta sauri, ba ta razana, kuma ta saba ɗaukar wanda ba ya motsi. Ya koya mata abu ɗaya tak: da zarar an kaɗa ƙararrawa hannunsa ya tashi zuwa kansa, ta nufi ƙofar fita, inda ake jiran ta da yankan alewar membrillo.

Aibinta ɗaya ne, kuma bai lura da shi ba. Ba a tare wa keken gawa hanya, saboda haka tun da aka haife ta ba ta taɓa kewaye komai ba.

Mataki na uku: Taka fili da ƙafa kamar mai gadonsa

Kafin gasa ana barin mahaya su shiga da ƙafa su auna tazara. Nan ne fagenka, domin babu doki. Sa dogon takalmi, goya hannuwa a baya, tsaya gaban Katanga ka daɗe kana duban ta kamar kana bin ta gaisuwa. Ɗebi rairayi ka murza. Ka ce "hm". Baƙin mahaya sun sha sauya shirinsu saboda "hm" ɗin Don Anselmo.

A nan ne maƙiyinka zai same ka. Nasa shi ne Don Fulgencio Barreiro, mai fataucin daskararren nama, wanda ya yi arziki bayan an gama raba rumfuna, yake zama a kujerun baya kusa da masu sayar da tsiren chorizo, idonsa kullum kan rumfa ta uku.

"Maigida Anselmo, bana dai za mu ga cikin Bazawara ta ƙasa, ko?"

"In ƙasa ta yarda, Don Fulgencio."

"Bara ma ƙasar ce ta ƙi."

"Bara iska ce. Da kujerarka na kusa da fili, da ka ji ta."

Mataki na huɗu: Hula ita ce sana'ar

Al'adar zauren tun farko ita ce: mahayi ya shiga, ya cire hula ya gai da alƙalai, a kaɗa ƙararrawa. In bayan ƙararrawa ya sake cire hula, ya janye cikin ladabi, kuma an ƙirga masa shiga. In ya fita bai cire ba, an kore shi, kamar bai taɓa zuwa ba.

To, shiga a hankali. Cire hula. Jira ƙararrawa. Dubi Katanga, dubi wuyan goɗiyarka, girgiza kai kamar wanda ya ji abin da likitan dabbobi bai ji ba, sannan ka sake cirewa. Don Anselmo yakan sauke tasa har gwiwa. Matan rumfuna sukan share hawaye.

Mataki na biyar: Kada ka maimaita uzuri

Shekara guda numfashin goɗiya, wata shekarar hasken fitilu, wata kuma ƙusar kofato. A shekarar da komai ya ƙare masa, ya ce ba zai iya ƙasƙantar da baƙin da suka ƙetare teku ba. Jakadan wata ƙasa ya aiko masa da kwalin sigari.

In ka koma rumfa, kada ka ba da labari. Doña Herminia takan miƙa masa ƙoƙon shayin mate ba tare da ta waiwaya ba.

"An gama?"

"An gama, Mama."

"Zauna. Gyara kwalarka, matar minista na kallon nan."

Haka aka yi ta yi fiye da shekara goma.

Mataki na shida: Ji tsoron ci gaba

Don Fulgencio ya sami shiga kwamitin zaure. Bai nemi a taɓa sharaɗin magabata ba, domin ya san tsofaffi ba za su yarda ba. Sai ya miƙe ya yi jawabi mai taɓa zuciya kan lafiyar mahaya, ya ce a Turai an daina hular karammiski, an koma hular kwano mai maɗauri a haɓa. Aka amince. Ya kuma ba da shawarar a matsar da Katanga kusa da ƙofar fita don 'yan kujerun baya su gani. Aka amince da wannan ma.

Shi da kansa ya kawo wa Don Anselmo hular ranar gasa, bayan alƙalai sun ce gaisuwar farko sunkuyar da kai ya isa.

"Kyauta ce, maƙwabci. Kawo in ɗaure maka, maɗaurin Jamusawa sai wanda ya sani."

Ya ja maɗaurin har sai da ya ce ƙas. Daga baya masana sun ce ɗaga hannu kawai ya wadatar wajen janyewa. Mai yiwuwa ne. Amma babu wanda ya taɓa yin haka a Santa Rufina, kuma ɗan gidan Irigaray ba ya fara abin da ba a taɓa yi ba.

Mataki na bakwai: In abin ya zo, rufe ido

Aka kaɗa ƙararrawa. Don Anselmo ya dubi Katanga, ya dubi wuyan goɗiya, ya girgiza kai, ya kai hannu ga hula. Hula ta ƙi. Ya ja, haɓarsa ta bi ta. Ya san in ya fita da ita a kansa, gobe Don Fulgencio ne zai zauna inda uwarsa ta zauna tun tana amarya, ita kuwa ta koma kusa da hayaƙin tsire. Sai ya saki linzami ya kai hannu na biyu.

Bazawara ta ga hannu ya tashi, ba ɗaya ba, biyu. Ta ɗauka yankan alewa biyu ke nan. Ta juya ta nufi ƙofa, Katanga kuma na tsakaninta da ƙofa. Ta yi tafiya, Katanga ba ta kauce ba. Ta yi sassarfa, a karo na farko a rayuwarta, Katanga ba ta kauce ba. Shaidu sun ce ta yi wani huci irin na dattijuwar da yara suka ƙi ba hanya, sannan ta tashi.

Ka lura da tsayuwar Don Anselmo a sama, domin ita ake kwaikwayo har yau: ido a rufe, hannu biyu a kan hula, baki yana kiran Maryamu da sunayen waliyyai. Tubali ko ɗaya bai motsa ba. Goɗiya ta dira, ta wuce kai tsaye zuwa alewarta, shi kuma yana rungume da wuyanta.

Zaure ya ɗauki ihu. Babban alƙali, Kanar Etchevarne mai ritaya, ya sauko barga da kansa.

"Don Anselmo, na yi aikin sojan doki har na tsufa, ban taɓa ganin an tsallake ba linzami ba. An ƙara tubali. Zagaye na biyu na jiran ka."

Don Anselmo ya tofar da haƙori a hankali cikin hankici.

"Ranka ya daɗe, na faɗi abin da zan faɗa. Ba ɗabi'ar gidanmu ba ce maimaita magana."

Kanar ya ƙame ya sara masa.

Mataki na takwas: Mai da nasara kujera tun ba ta mai da kai gawa ba

Nasara ita ce hatsarin da ya fi faɗuwa, kuma Doña Herminia ta riga kowa ganewa.

"Ihun me nake ji? Wa ya faɗi?"

"Ba wanda ya faɗi, Mama. Na tsallake."

"Kai? Wa ya aike ka? Yanzu ka saba musu, baɗi ma za su nema." Ta ɗaga ƙoƙon mate ta yafito Kanar. "Etchevarne, zo nan. Yaron nan ya fi ƙarfin waɗannan yaran. Ka ga ya dace ya riƙa gasa da su?"

Kanar ya ga bai dace ba. Kafin a rufe taron aka naɗa Don Anselmo alƙalin Katanga. Alƙalin Katanga kuwa shi ke shiga fili kowace shekara ranar gasa ya auna tsayinta da sanda. Magabata sun ce namiji ya shiga fili. Ba su ce a kan me ba. Don Fulgencio ya yi ƙorafi, aka tuna masa cewa ƙorafi kan Katanga wurin alƙalinta ake kai shi, hula a hannu.

Gargaɗi da ƙididdiga

Marubucin nan bai ɗauki alhakin ƙashi, haƙori, ko wandon kowa ba. In goɗiyarka ta san kewaye, ko uwarka mai waiwaye ce, wannan tsakaninka da su ne. In aka tambaye ni, ban san ka ba, kuma ban taɓa ba da shawara kan dabbobi ba.

Ga abin da Don Anselmo ya fita da shi. Ya rasa haƙori ɗaya, da wando ɗaya, da muryarsa na ɗan lokaci. Ya sami kujerar alƙali, da sandar awo, da hular kwano wadda sai da aka yanke maɗaurinta da almakashin askin tumaki. Bazawara ta sami makiyaya da alewa har ƙarshen ranta. Don Fulgencio ya riƙe kujerarsa ta baya, inda aka matsar da Katanga don ya gani, kuma ya gani. Rumfa ta uku tana hannun Irigaray. Doña Herminia ta ci gaba da zama a cikinta har ta haura tasa'in, kuma ko sau ɗaya ba ta juya ta dubi filin ba.