Ƙuri'ar Tasi'u Sai a Gida

Wani ɗalibi ne a makarantarmu, Tasi'u, ɗan ƙauyen Rafin Maje. Allah Ya ba shi baki, Ya hana shi kunya.

Da zaɓen kansiloli ya ƙarato, yawancin ɗalibai suka mayar da rajistarsu rumfar makaranta, har da Hindatu, wadda Tasi'u ke mutuwar so. Shi kuwa duk burinsa ta ɗauke shi wani babba. Ai kuwa ya samu abin yi.

"Ku ji min marasa asali!" in ji shi. "Ƙuri'a a bariki? Ɗan halak a gida yake zaɓe. Ni a garinmu ba mai dangwala yatsa sai ya ga inda na sa gaba. Kawuna Ila ke takara, kuma ni zan ɗora shi."

Hindatu ta ce, "Nan famfo ke ƙafe mana, nan ake ɗauke mana wuta, nan za mu yi zaɓe."

"Ke dai zuba ido ki ga aikin maza."

Ranar Juma'a ya saɓa jaka, ya bi ɗaki-ɗaki yana sallama kamar mai tafiya Hajji. Alhali gogan naka ko katin zaɓe bai taɓa karɓa ba! Bayan tasha kawai ya zagaya, ya lafe a shagon wani abokinsa tela, yana ta sharar barci a kan ƙyallaye. Ran Lahadi ya fasa biro ya shafe babban yatsa, ya bula wa takalminsa jar ƙasa, ya dawo yana ɗingishin gajiya.

A teburin mai shayi ya tarar da ɗaliban, har da Hindatu. Ya ɗaga yatsa sama.

"Kun gani? Mutum ɗari na ja a bayana. Rumfa har rawa take!"

Sai waya, ƙirrr! Ya duba, Kawu Ila ne. Ya washe baki.

"Kowa ya yi shiru, zaɓaɓɓen kansila zai yi godiya."

Mara tsoron Allah, har da ƙure muryar wayar don kowa ya ji, ya ajiye ta a tsakiyar tebur.

"Kawu, ranka ya daɗe, barka da nasara!"

"Nasarar ubanka! Da ƙuri'a ɗaya tal aka kayar da ni. Ɗaya! Kakarka ma a baro aka turo ta ta dangwala. Har aka rufe rumfa ina leƙen hanya. Kai gidan uban wa ka shiga?"

"Kawu... layin ne ba kyau..."

"Ni ina jin ka raɗau, ɗan banza!"

Ƙit, Kawu ya kashe.

Mai shayi ya tsaya da kofi a sama. Tasi'u ya lallaɓa ya cusa yatsan a aljihu, gumi na tsatso masa.

Hindatu ta miƙe, ta gyara mayafi, ta dube shi sama da ƙasa.

"Gaskiya na sallama maka, Tasi'u, kai babba ne. Ko zuwa ba ka yi ba, ka kayar da kansila."