Dokar Amurka a Rumfar Ƙuli-ƙuli

Ni karatuna bai wuce aji biyu na yaƙi da jahilci ba, amma shekara tara ina riƙe da ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli ta unguwarmu, kuma ban taɓa ɗaukar sakarci ba. Wadda ta makara ta koma ƙarshen layin inji. Wadda ta kawo gyaɗa da tsakuwa ta koma gida ta tsince. Saura wata biyu zaɓen ƙungiya sai ƙananan maganganu suka fara iso ni: wai na cika faɗa, wai na tsufa, wai Ladidi matar tela ta fi ni sakin fuska.

Ana haka, wata rana da hantsi ina suya, na ji wani malamin jami'a a rediyo yana ba da tarihin Amurka. Ya ce sama da shekara ɗari biyu da suka wuce, ƙasar tana sabuwa, sun taɓa yin wata doka: duk wanda ya faɗi ko ya rubuta ɓatanci a kan gwamnati ko shugaba, a kai shi gidan yari. Har masu jarida an ɗaure. Shi malamin kushe dokar yake yi. Ni kuwa na ajiye matsami, na ce ashe mutanen nan sun taɓa yin hankali.

Ranar taro na miƙe na shaida wa mata cewa na samo doka daga Amurka, ba ƙirƙirata ba ce. Daga yau duk wadda aka ji ta taɓa shugaba da baki, sati guda babu ita babu injin matse mai. Uwani mai tsamiya ta ɗaga hannu ta tambaya, to idan abin da mutum ya faɗa gaskiya ne fa? Na ce tambayar nan ma ɓatanci ce, da ita za a buɗe. Sati guda tana matse tunkuza da hannu.

Daga ranar rumfa ta yi tsit. In na shigo, gaisuwa har ƙasa, kowa na tambayar ciwon gwiwata. Na ce a raina ashe shekara tara wahalar banza na sha. Har sabuwar atamfa na ɗinka saboda ranar zaɓe.

To mu ba ma zaɓe da takarda, don yawancinmu ba ma karatu. 'Yar takara takan fuskanci bango, masu son ta su jeru a bayanta, ba ta waiwaye sai an gama ƙirga. Na tsaya, Ladidi ta tsaya can gefe. Ina jin ƙarar silifa ta ko'ina, ina ta yi wa bango murmushi. Da aka ce mu juyo, na juyo da ƙasaita. Babu kowa a bayana sai wata kaza tana tsattsagar ɓawon gyaɗa. Mata arba'in da uku suna bayan Ladidi, kuma ta farko a layin Tabawa ce, aminiyata tun muna 'yan mata.

Na ja ta gefe na ce, “Tabawa, har da ke?”

Ta ce, “Ni na fara isa ma, Kulu.”

Na ce, “Wata biyu cur ban ji wadda ta ce uffan a kaina ba. Yaushe kuka ƙi ni?”

Ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, “Ai bakinmu kawai kika ɗaure, kin manta muna da ƙafafu.”