Larai Ta San Waɗanda Za Su Mutu

"Lahiya lau, angona. Ina gajiyar korata da kay yi?"

Haka Larai ta amsa gaisuwar jikanta Muntaka, ɗan kabu-kabu a Tozai, kuma fushin nata da dalili. Kullum bayan la'asar 'yan gidan kan taru a zaure gaban talabijin mai sola, suna kallon wani fim mai dogon zango na mutanen da suka bar duniya a kumbo suna neman wata. Larai ta shigo kallon a tsakiya, ta ishi kowa da tambaya: wannan ɗan wane ne, me ya sa kansa kore, ina suke samun ruwan alwala. Muntaka ya naɗe mata tabarma, ya ce ba ta sake zama sai ta kalli shirin taƙaitawa da ake yi wa sababbin masu kallo. Ya sa aka tura masa shi a waya a kasuwar Isa, ya miƙa mata ko dubawa bai yi ba. Korar ta yi mata ciwo ƙwarai, don a zauren nan kaɗai take ganin jikokinta wuri ɗaya.

"Tsohuwa, kin kalla, ko barci kika yi kina zuba ma wayata yawu?"

"Sau ukku. Mai bayanin ya hi ka hankali, ya hi ka kyau. Shi za ni aure in bar ka."

"Wa za ya kwashi matar da anka gina tsohon birnin Alkalawa gabanta?"

Ya yi mata tambayoyi don ya ƙure ta. Ta kawo sunan direban kumbon, da na matarsa, har da na mutum-mutumin ƙarfen da ke musu shara. Sannan ta tambaye shi zango na nawa suke, ya ce na biyu.

"Allah sarki. Nawa na waya ya kai na biyar. Direban nan da kay yi aski irin nashi..."

"Kaka, yi shiru."

"Yau ni ce Kaka? Mu Gobirawa ba mu ɓoye rashi. In an mutu sai a sanar. Da zaure za ni hwara, sannan in bi gida gida."

Muntaka ya toshe kunnuwa yana dariyar dole. Ya ɗauko tabarmar da kansa, ya shimfiɗa ta gaba da ta kowa, ya laluba aljihu ya ajiye mata farin goro a hannu.

"Na bi, amarya. Zamna, ki yi tambaya har magariba."

Larai ta ɓare goron ta zauna a tsakiyar jikokinta.

"Wanga na direba ne. Mutum bakwai sunka mutu, kowa da goronai."