Koren Dutsen da Na Sa a Lefe

Ko zan manta da komai, ba zan manta da lefen aurena ba. Lokacin ina malamin kimiyya a wata sakandare a Hadejia, sabon fitowa daga jami'a, naira ma sabuwa ce a hannun mutane. Ni kuwa ji nake duk garin babu mai ƙwaƙwalwa irin tawa.

A ɗakin gwaje-gwajen makaranta na haɗa wani gishiri mai sinadarin ƙarfe, na bar ruwansa a duhun kabad har ya daskare ya zama dutse kore shar, mai ƙyalli. Da za a kai lefen Asabe, sai na naɗe shi a auduga na cusa a akwati (wai kowa na kai gwal, ni zan kai abin da na yi da hannuna). Ni na koya wa ɗalibai da bakina cewa haske yana lalata wannan dutse, amma soyayya ta share min karatun tas.

Kun san yadda ake yi da lefe, a baje shi a tsakar gida mata su yi ta zuwa kallo. Dutsena ya sha ranar Hadejia har ya ƙoshi. Koren ya gudu, ya koma ja-ja, yana marmashewa.

Ina cikin cin tuwo ƙanwata Ladi ta shigo tana dariya. "Yaya, ana can ana yi da kai. Wai ango ya sa jar kanwa a lefe. Na baro za a jefa ta a miyar kuɓewa, kada a yi asara."

Abin nan fa guba ne. Na haye keke ko hannu ban wanke ba. Na faɗa gidan su Asabe babu sallama, na tarar da wata mata duƙe a kan tukunya da dutsen a hannunta, na cafke wuyan hannun.

"Baiwar Allah, so kike ki kashe mutane?"

Ta juyo. Inna ce, mahaifiyar Asabe, matar da nake canza lungu idan na hango ta. Ba ta ko dube ni ba, ta ja mayafi ta ce wa matan, "Ku ce wa yaron nan ya sake min hannu."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. A ranar baffan Asabe ya ɗage auren, ya ce sai an bincika ko taɓin hankali ne ko asiri. Da ƙyar dattawanmu suka shawo kansa.

Na ɗauki darasi: kimiyya a bar ta a kabad, lefe a sa atamfa kamar kowa. Inna dai har ta rasu, duk abin da na kai mata, ko goro ne, sai ta sa an shanya shi a rana tukuna ta ga ko zai canza.