Rasuwar Hajiya Shiru, Kyamarar da Turare Ya Kwantar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani haushi da har yau ban sami wanda zan sauke wa ba, ni Muhyiddeen Labaran mai hoto, na Sabon Garin Wudil, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da abokan sana'a rasuwar kyamarata, wadda aka fi sani da Hajiya Shiru. Rai ya yi halinsa ne ranar Juma'a waccan da hantsi, a kan teburin wani mai gyaran waya da ke bakin tasha, bayan gajeriyar rashin lafiya ta kwana ɗaya. Ta rasu tana da shekara biyu da wata bakwai a hannuna. Ta kuma rasu ne ana gobe za ta yi aikin da ya fi kowane aiki a rayuwarta, wato ɗaukar hoton mahaifinmu, Malam Labaran na Indabo, dattijo mai shekara tamanin da huɗu da ba ya yarda a ɗauke shi.

Marigayiya 'yar gidan manya ce. Daga ƙasar waje aka kawo ta, kwali cikin kwali, da littafin bayani mai kauri da ban taɓa kai ƙarshensa ba. Tana daga cikin sababbin kyamarorin nan masu tsada da ba a sa musu madubi a ciki ba, shi ya sa ta fito 'yar siririya, marar nauyi, ga ta baƙa wuluk. Sai da na rabu da babur ɗina kafin ta shigo gidana. Na yi shekara guda ina taka ƙasa daga Sabon Gari zuwa jami'a, jakarta a kafaɗata, masu acaɓa suna wuce ni suna yi mini hon, ni kuwa ina jin kaina kamar wani babban mutum.

Duk wanda ya yi hulɗa da ita zai shaide ta da kaifin gani. Ta ɗauki amare a ɗakunan da ni kaina ba na ganin tafin hannuna. Ta ɗauki ɗaliban jami'a ranar da suka gama jarrabawar ƙarshe suna tsalle, babu wanda ya fito da ƙafa uku. Allah Ya yi mata wata baiwa ta neman ido: duk inda ƙwayar ido take, sai ta kamo ta da kanta ta riƙe. Wannan baiwa ta taɓa haɗa ni faɗa a kara, ranar kasuwa, da Alhaji Isyaku dillali ya kira ni in ɗauke shi da wani bijimi. Hajiya ta duba su biyun, ta zaɓi idon bijimin. Sa ya fito tas har ana ƙirga gashin idonsa, Alhaji kuwa ya fito dishi-dishi a gefe. Ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata.

Ba ta da surutu, daga nan ma ta samo sunanta. In na danna, hoto ya ɗauku, amma ko ƙis ba za ka ji ba. Iyakar maganarta ita ce ɗit-ɗit in ta kama ido, sai wani ɗan kakkaɓin ciki, sirrr, in na kashe ta. Mutanenmu kuwa ba su yarda an ɗauke su ba sai sun ji ƙara. Sai ka ga tsohuwa ta ƙame, ta riƙe numfashi, na gama tun ɗazu, ita tana jira. Da na gaji da bayani, sai na koma yi mata ƙarar da harshena. In na danna sai in ce ƙyas, jama'a su saki jiki. Haka muka yi ta aiki, ita da ido, ni da baki.

Na san ba a tona asirin mamaci, amma raina a ɓace yake, sai na faɗa. Marigayiya ta kasance mai cin batir ba ƙaƙƙautawa. Bikin suna ɗaya sai ta cinye uku, a garin da wutar lantarki ke zuwa leƙe. Ba ta jure zafin Wudil ba ko kaɗan. Ana tsakiyar ɗaurin aure ina ɗaukar bidiyo, sai ta nuna mini alamar zazzaɓi ta ɗauke, in koma gindin darbejiya ina yi mata fifita da hulata, liman na can yana addu'a. Ga tsirfa: gilashin gabanta, wanda muke kira lens, ba ta karɓar na kowane gida sai na danginta. In kana neman wurin sauya abu ɗaya a cikinta, sai ka bi shafi goma sha. A duk faɗin jihar nan kuma ban sami mutum ɗaya da ya san cikinta ba. Wanda ya sayar mini ya ce in ta yi ciwo sai Legas, ya faɗa yana murmushi, ni ma na yi murmushi don ban ɗauka za ta yi ba.

Dole in yi bayanin aikin da ta mutu ta bari. Baba hoto ɗaya gare shi a duniya, na katin zaɓe. Ranar da ya karɓo katin ya duba, ya ce wannan mutumin kamar an kama shi da akuyar mutane, ya rantse ya gama da hoto. Mu tara ya haifa, mun watsu, rabon da mu haɗu gaba ɗaya shekara goma sha ɗaya. Yayarmu Ikilima, wadda ke aure a Fatakwal, ita ta yi ta yi masa magiya, tana cewa 'ya'yanta za su girma ba su san fuskar kakansu ba. Ni kuma duk zuwana Indabo sai na zauna ina zuba masa kirarin Hajiya. Bana da aka gama yankan gero ya sauko. Ya ce kowa ya zo ranar Asabar bayan la'asar, a gaban rumbu. Ya dube ni ya ce, “Sau ɗaya, Muhyiddeen. Kuma da taka ɗin nan da ka ishe ni da ita. Ban yarda da waya ba, ba za a yi yawo da ni a aljihun mutane ba.”

Ciwon ajalin ya fara ne ranar Alhamis da rana. Na cire lens don in goge shi. Ita irin wannan kyamara, da zarar ka cire lens, farantin da ke kama hoton, wato sensa, yana nan a fili tsirara, babu abin da ya tsare shi. Na nemi murfin na rasa. Aka kira ni waje, wai wani na son hoton fasfo da gaggawa. Don kada ƙura ta faɗa mata, sai na naɗe ta a cikin sabuwar babbar rigar da zan sa ranar Asabar, na ajiye a kan gado, na fita ina yaba wa kaina dabara.

Maiɗakina Radiyya mace ce da ba a fita babban taro daga gidanta da kaya ba turare. Ta shigo ta ga riga a kan gado. Ta hura gawayi a kasko, ta zuba turaren wuta, irin na musamman ɗin nan mai maiƙo da take ɓoyo tun bikinmu, ta kifa kabbasa, kwandon nan na turara kaya, ta ɗauki rigar yadda take a naɗe ta ɗora a kai, ta lulluɓe da bargo don kada hayaƙi ya tsere. Ta ce ta ji nauyi, amma ta ɗauka aikin wuyan rigar ne. Hajiya Shiru ta yi fiye da awa guda a cikin wannan hayaƙi, baki buɗe. Da yake ba ta iya kuka ba, ba ta kira kowa ba.

Sai Juma'a da safe na gwada ta. Ta kunnu, ta ce ɗit-ɗit, amma duk abin da na ɗauka sai ya fito cikin hazo, da ɗigo-ɗigon maiƙo. Na leƙa cikinta, ƙamshi ya doke ni. Na ɗaga murya, Radiyya ta ce, “Ni riga na turara. Wa ya ce ka goya ta a ciki kamar jaririya?” Gaskiya kuwa ta faɗa.

A nan ne na yi kuskuren da ba zan yafe wa kaina ba. Legas ta yi nisa, Asabar kuwa gobe ce, Yaya Ikilima har ta sauka a Kano. Na rungumi Hajiya na kai ta wurin Garzali mai gyaran waya. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce, “Yallaɓai, kwantar da hankalinka. Wayar da ta kwana a kogin nan ma na tayar da ita, balle hayaƙi.” Ya ɗauko sifirit da tsohon burushin haƙori, kayan da yake wanke cikin waya da su. Ina tsaye. Na san littafin ya hana ko hura mata iska da baki. Na sani sarai, amma ban hana shi ba, saboda ina son in ji wani ya ce za ta tashi. Ya dirje ta, ya kawo bulowa mai zafi ya busa mata don ta bushe. Da ya kunna, ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga gare ta ba, ƙarrr, sau ɗaya, ta ɗauke. Garzali ya cire batir ya mayar, ya buga ta a tafin hannu, sannan ya ce dama da alama kwananta ya ƙare.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin dalilin wannan sanarwa, kuma ina roƙon 'yan'uwana su karanta a zaune. Ranar Asabar na tafi Indabo da gawar a jaka. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa. Na isa na tarar an share gaban rumbu an yayyafa ruwa, an shimfiɗa sabuwar tabarma. Baba ya sa an yi masa aski, ya fito da farar rigar da ba ya sawa sai Idi, ya naɗa rawani. Ya sa ƙanwarmu Khaulat ta zagaya da ƙwarya ta karɓe wayar kowa, aka kai ɗakinsa. Ya zauna, 'ya'yansa takwas suka jeru a bayansa, Yaya Ikilima tana share hawaye da gefen mayafi. Ya gyara zama ya ce, “To, bismilla.”

Na kasa. Wallahi na kasa faɗa. Na ɗaga kyamarar na kai idona ƙaramar tagar da ake leƙawa. Tsofaffin kyamarori masu madubi, ko sun mutu kana hango mutum ta ciki. Wannan kuwa in ta mutu, duhu ne kawai. Na tsaya ina kallon duhu, ina cewa Yaya Ƙasimu ya matso, Auta ya ɗaga kai. Yaya Ikilima ta ce in kafa ta a kan ƙafafunta in shigo cikinsu, na ce a'a, wannan aikin sai da hannu. Na danna maɓallin da ba ya aiki, na ce ƙyas da harshena kamar kullum. Kowa ya saki numfashi. Baba ya yi dariya, ya ce ashe abin ba ciwo. Da suka nemi gani, na ce sai na wanke shi a kwamfuta. Washegari kowa ya kama hanyar garinsa.

Saboda haka, Yaya Ikilima, Yaya Ƙasimu, da sauranku da kuke kirana safe da yamma ina cewa ana kan aiki: babu hoto. Ba a ɗauka ba. Kada a zargi Radiyya, kada a je wa Garzali shago. Ni na naɗe ta, ni na kai ta, ni na yi ƙyas.

Marigayiya ta bar marayun lens guda uku, waɗanda ba sa shiga jikin kowace kyamara sai 'yar gidansu, ga su nan a jere suna kallon silin. Ta bar batir huɗu da cajarsu, da jaka, da ƙafa uku mai ɗingishi, da katin memori cike da fuskokin mutanen Wudil, na sani da na ban sani ba, har da shanu, ban da fuska ɗaya. Murfin da na nema na rasa ma yana raye, an same shi a aljihun wandon da ke jikina a ranar.

Za a yi zaman makoki na kwana uku a shagona, daga hantsi zuwa azahar. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su tambayi nawa na saye ta, kada su ce ai da waya na saya, kada kuma kowa ya shigo da ƙamshin turaren wuta a jikinsa. Ba za a yi mata wanka ba, an riga an yi mata wanda ya ishe ta. Masu cewa a aika gawar Legas ko za a dace, na gode, na tambaya, an ce sai an sauya cikin gaba ɗaya, kuma ko ta tashi ba za ta dawo mini da Asabar ɗin nan ba.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, daga Sabon Gari zuwa Indabo, inda zan ajiye ta a gaban Baba in faɗa masa da bakina, tunda shi ba ya karanta irin wannan. Duk mai jin zai iya raka ni, ina neman alfarma ya zo, musamman dattijai waɗanda Baba ke jin nauyinsu. Auta, wanda shi kaɗai ya rage a Indabo, ya kira ni jiya. Ya ce tun ranar Litinin Baba ya sa an buga ƙusa a bangon zaure, daidai inda yake zama, ya hana kowa rataya komai a kai. Kullum in ya dawo daga masallaci sai ya tambaya ko na aiko.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya ba ni bakin magana.

Sanarwa daga Muhyiddeen Labaran, Sabon Gari, Wudil.