Atamfar Gwarzuwar da Ba Ta Ci Ba

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na mai da kaina malamar duban finafinai ba. Ko na yi niyyar mantawa ma, matan unguwar Treichville ba za su bari ba.

Bari in fara da faɗin gaskiya a kaina: ba ni da haƙuri. In gbaka, ƙaramar motar hayarmu, ta tsaya a tashar Roxy tana jiran ta cika, sauka nake yi in taka da ƙafa, ta zo ta wuce ni a hanya ina harararta. In mutum ya ɗauko labari tun daga kakansa, sai in ce, "To, a ƙarshe me ya faru?" Haka nake kallon fim ma. Ina tsaron shagon kawuna a kasuwar Adjamé, muna sayar da caja da rigar waya, tsakanin mai saye da mai saye nake kallo, yatsana a kan allo ina turawa gaba. In ga waƙar farko, in ga wurin mari, in ga wurin kuka, shi ke nan na gane inda aka dosa. Kafin shayina ya huce na gama da fim.

Da wannan zurfin ilimi na fara hasashen waɗanda za su ci kyauta a babban bikin karrama 'yan fim ɗin Hausa da ake yi a Najeriya duk shekara. Dokata ɗaya ce tak: wadda ta fi kuka ita ke ci. (Kada ku yi dariya. Shekara biyu a jere kafin wannan, duk na faɗa daidai.) 'Yan kur ɗinmu, wato gidan hayar da muke zaune, suka laƙaba mini suna Madam Rezilta, uwar sakamako. Na nuna kamar ba na so, amma in aka kira ni da sunana na gaskiya sai in yi kamar ban ji ba.

A lokacin nan Sanusi yana neman aurena. Yana yankar tikiti a tashar Adjamé, wajen motocin Nijar, mutum ne mai sanyi kamar ruwan randa. Matsalar ba shi ba ne, mahaifiyarsa ce. Hajiya babbar 'yar kasuwar atamfa ce a Treichville, asalinsu Maraɗi, kuma tun ranar da na fara zuwa gaishe ta ta sa mini ido. Ta tambayi gida, na ce lafiya. Ta tambayi Inna, na ce lafiya. Ta buɗe baki za ta tambayi gajiya, sai na ce, "Duk lafiya lau, Mama, kowa da kowa." Ni a ganina na taƙaita mana wahala ne. Ita kuwa ta gaya wa ɗanta, "Yarinyar da ba ta iya jiran gaisuwa ta ƙare, ta yaya za ta jira tuwo ya nuna?" Tun daga nan duk lokacin da aka yi maganar sa rana sai ta ce a dakata tukuna.

Wata Juma'a na sake zuwa, na sha alwashin zan amsa gaisuwa ko da za ta kai magariba. Na tarar da Hajiya a gaban tele tana share ido da gefen mayafi. Fim take kallo na jarumar da mu a nan muke kira Mai Hawaye, domin ko gaishe ta aka yi a fim sai idonta ya kawo ruwa. Bakina ya riga hankalina.

"Wannan ce za ta ci kyautar bana, Mama."

Hajiya ta juyo. Karon farko ke nan da ta dube ni kamar ni ma mutum ce.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya mini. Ni ke gaya wa mutane."

"Waccan mai hararar fa? An ce ita ma tana cikin takara."

"Mai Harara? Haba Mama, wannan ko albasa aka yanka mata ba ta kuka. Rakiya ta zo yi."

Hajiya ta yi dariya har da tafa hannu, ta matsa mini a kan kujera, ta sa aka kawo mini bisap, wato zoɓo, mai sanyi. Ranar na fita daga gidan nan ina jin kamar an riga an ɗaura. A bakin ƙofa Sanusi ya ce, "Ki riƙa cewa in sha Allah mana." Na ce masa na faɗa a zuci.

Abin da na manta shi ne Hajiya 'yar kasuwa ce kafin ta zama mai kallon fim. Kun san garin nan, ba abin da ba a buga wa atamfa: bikin iyaye mata, dawowar alhazai, zaɓe, har rasuwar babban mutum. Bayan 'yan kwanaki ta kira ni a waya da kanta. Ta ce tana tunanin buga atamfa da fuskar jarumarmu. Matan ƙungiyarta su ɗinka su sa ranar bikin, sauran kuma washegari da safe a baza a kasuwa tun labari yana da zafi, kafin 'yan Adjamé su farga. Amma dole a buga tun yanzu, kuma masu bugawa ba sa karɓar aiki kaɗan.

"Kin tabbata, 'yar nan?"

Nan ne wurin da mai hankali zai ce Allah ne masani. Ni cewa na yi, "Mama, a buga." Har na ƙara da shawarar a sa mata ɗigon hawaye ɗaya a kumatu, don a gane ta daga nesa.

Atamfa ta fito, koriya shar, da zobe mai ruwan gwal, fuskar Mai Hawaye a tsakiya, a ƙasa an rubuta GWARZUWAR SHEKARA da manyan baƙaƙe, ga kuma barka da Faransanci don maƙwabta. Gaskiya ta yi kyau. Har yanzu ina nan a kan cewa ta yi kyau.

Ranar biki aka kafa rumfa a tsakar gidan Hajiya, can bayan babban masallaci, aka jero kujerun haya, aka fito da babbar tele. Da yake Najeriya ta riga mu a agogo, ana idar da la'asar aka fara. Acceke, dambun rogon nan namu, da soyayyen kifi a manyan tire, soyayyar ayabar da muke kira alloko na ƙamshi. Mata suka cika gida, kowace a cikin koriyar atamfa. Wasu teloli sun yi adalci sun sa fuskar a ƙirji. Wasu kuwa ba su ji tsoron Allah ba. Tanti Mariyama, aminiyar Hajiya, duk inda ta juya baya sai ka ga jarumarmu tana kuka a inda bai kamata ba, in ta zauna kuma ta zauna a kanta.

Ni aka ajiye kusa da Hajiya. Duk wadda ta shigo sai ta nuna ni: "Ita ce ta Sanusi. Ita ta san kan abin nan." Ta Sanusi! Na ji kalmar har cikin ƙashina.

Aka fara da ƙananan kyaututtuka. Suka ce in faɗi wanda zai ci ta barkwanci, na faɗa, wani ya ci. Ta waƙa, na faɗa, wata ta ci. Tanti Mariyama ta leƙo fuskata. Na ce, "Tanti, waɗannan ai ban zauna na yi musu nazari ba. Ki jira babbar."

Babbar ta zo. Wani mutum mai babbar riga ya hau dandali da ambulan a hannu. Ya gode wa Allah, ya gode wa masu shirya biki, ya gode wa matarsa. Ya ɗaga ambulan ya sauke. Ya ba da wani labarin da shi kaɗai ya yi wa dariya. Ji nake kamar in shiga telen in fizge takardar. Daga ƙarshe ya buɗe, ya gyara tabarau, ya ce, "Jarumar da ta taɓa zukatanmu a bana, wadda ta sa manya da yara zubar da hawaye…"

Hawaye. Ni dai nan na tsaya da ji.

Na yi tsalle na rangaɗa guɗar da ban san ina da ita ba. Gida ya ɗauka. Tanti Mariyama ta kifa roba ta hau kiɗa, mata suka miƙe, kujeru suka faɗi. Ni kuma (Allah ya yafe mini) na kamo hannun Hajiya na tayar da ita. Hajiyar da ke fama da gwiwa, wadda ko a bikin 'yarta ba wanda ya ga ta taka. Ta tashi. Ta taka. Har ta ɗaga gefen mayafi tana juyi, mata suna kiran sunanta, ni ina ihu ina cewa, "Na faɗa ko ban faɗa ba?"

Mun jima a haka. Ba wanda ya ji sunan da aka kira, hayaniyarmu ta danne telen gaba ɗaya.

Kiɗa ne ya fara tsayawa. Tanti Mariyama ta ƙura wa allo ido, ta ce, "Ke 'yar nan, zo ki duba mini. Tamu ce ta yi tsawo haka, ko idona ne?"

Na juya. Mai Harara ce a kan dandali, ta rungume kyauta, tana godiya. Sai mai ɗaukar hoto ya nuno tamu a cikin 'yan kallo, tana tafi tana murmushi. Ranar da ya kamata ta yi kuka, ranar ce kaɗai na taɓa ganin idonta a bushe.

Kowa ya sunkuya ya dubi zanensa. Mata cike da tsakar gida, kowace sanye da fuskar wadda ta faɗi, an rubuta mata gwarzuwa. Wata maƙwabciya da ta leƙo ta kan katanga tun lokacin guɗa ta dube mu, ta dubi telen, ta ce, "Yako," irin jajen da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa, ta janye kanta.

Hannun Hajiya yana cikin nawa har lokacin. Ta zare shi a hankali, ta koma ta zauna, tana riƙe da gwiwa.

"Kin kalli fim ɗin waccan?"

"Na kalla, Mama."

"Har ƙarshe?"

Na dubi ƙasa. Ƙasa ba ta tsage ba. "Ba waƙa a cikinsa, Mama. Kuma a hankali yake tafiya."

Wata daga baya ta ce ai ita ta kalla, jarumar ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba, amma a ƙarshen fim ɗin duk gidansu sai da suka yi kuka, har mijinta. (Tana da wannan labarin tun da rana, amma sai yanzu ta ga damar faɗa, bayan ta cinye kifi.) Hajiya ta juya ga mata. Cewa ta yi, "Ku ci abinci, kada ya huce."

Ban san yadda na tsallaka gada na koma Adjamé ba. Na dai san na lulluɓe ƙirjina da jaka a cikin mota. Na gaya wa Inna ta cire rai, auren nan ya mutu a gaban tele. Sanusi yana kira ina ƙin ɗauka. A kur ɗinmu kuwa sunan Madam Rezilta bai mutu ba, sai ma ya ƙara ƙarfi, yanzu da dariya ake haɗa shi.

Sai ga baffannin Sanusi wata safiya da goro, sun zo sa rana. Na kira Sanusi na ce me ya faru. Ya ce Hajiya ce da kanta ta ce a je. Wai ta ce yarinyar ba maƙaryaciya ba ce, da gaske ta yarda da shirmenta, kuma gara mai faɗin abin da ke ranta da wadda za ta yi shiru tana auna mutum. Na yi kuka kamar jarumata. Na ce lallai Hajiya uwa ce, ta yafe, ta manta.

Ta yafe dai.

Ranar kawo lefe motoci suka tsaya a ƙofar kur, ana ta sauke akwatuna har maƙwabta suka fara salati. Ni ina ɗaki kamar yadda amarya ke yi, amma idona yana jikin labule. Gwaggona ce mai buɗewa, kuma kun san al'ada, kowane kaya sai an ɗaga shi sama kowa ya gani. Akwatin farko lafiya lau: leshi, shadda, takalma, turare. Aka yi guɗa. Ta buɗe na biyu. Kore. Ta ɗaga turmi, fuska ta bayyana da ɗigon hawayenta. Ta ɗaga na ƙasansa. Ita ce. Ta buɗe akwati na gaba, ta leƙa, ta rufe, ta sake buɗewa ko zai canza.

"Ita ce dai," in ji Gwaggo, muryarta a sanyaye. "Wannan ma ita ce. Jama'a, wannan baiwar Allah 'yar uwar ango ce?"

Tanti Mariyama, wadda ta jagoranci masu kawo kaya, ta gyara zama ta ɗaga murya yadda za ta iso labulena. "Hajiya ta ce a gaya wa amarya, ba kowace suruka ke samun atamfar da ta zaɓa da bakinta ba. Ta ce ba ta sayar wa kowa ba, duk ta ajiye wa 'yarta. Kuma tana so ta riƙa ganinta a jikinta in ta zo gaisuwa."

Dariyar da aka yi a kur ɗin nan, na tabbata an ji ta a Roxy.

An ɗaura aure, alhamdu lillahi. Labulen ɗakina Mai Hawaye ce. Zanen gado ita ce, rigar filo ita ce. Sanusi ya ce wani lokacin in ya farka sai ya ji kamar ya ba ta haƙuri. Da na haihu, da ita na goya ɗana, ya yi wata da watanni yana yawo a Treichville an rubuta masa gwarzuwar shekara a baya. Duk Juma'a kuma nakan ɗaura sabuwa in je gaida Hajiya, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai, kore yana karɓarki."

Da bikin bana ya matso, ta tambaye ni a gaban ƙawayenta wa nake gani za ta ci. Na ce, "Allah ne masani, Mama." Ta ce, "Madalla. In kin canza ra'ayi ki faɗa mini da wuri, ƙanwar Sanusi ta kusa aure, kuma ke ce za ki sayi ankon."

Abin da na koya shi ne, in za ki yi hasashe, ki yi shi a gaban waɗanda ba su da jari. 'Yar kasuwa ba ta yin asara, sai dai ta nemi inda za ta sauke kayanta, kuma ni ce na tsaya mata a bakin ƙofa ina guɗa.